Alƙur'ani ba kayan haɗa kiɗa ba ne



Ƴan'uwa masu bibiyar wannan zaure, tun watan azumin da ya wuce ake turo mini wani irin karatun Alƙur'ani da aka shimfiɗa wa sauti a ƙarƙashi: wani da fiyano a hankali, wani da gunji mai kama da na mawaƙa, wani da amo mai maimaita ƙarshen aya sau uku. Masu turowa mutanen kirki ne, lada suke nema. Na ji shi a salular ƴan kabu-kabu, na ji shi a fada wajen shan shayi, har na ji shi a harabar masallaci kafin Isha'i. Shi ya sa na ga yin shiru bai halatta gare ni ba.

Na zauna da wani yaro a unguwarmu mai wannan aiki, ya nuna mini yadda ake yi. Ba ya buƙatar komai sai tsohuwar kwamfuta, da abin sawa a kunne, da manhaja irin FL Studio, wadda aka ƙera domin haɗa kiɗa. Yana ɗauko karatun wani alaramma, ya ɗora shi kan layi ɗaya, ya ɗora kiɗa kan layi na biyu. To, kiɗa yana da ma'aunin bugu da ba ya sauyawa, karatu kuma ba ya bin wannan ma'auni. Ɗaya dole ya bi ɗaya. A gabana ya kama kalmar Allah da linzamin kwamfuta, ya ja ta ta yi tsawo, ya matse wata ta gajarce, domin aya ta faɗa daidai kan bugu. Sa'an nan ya kunna abin da ake kira Auto-Tune, wanda ya fito a 1997, aikinsa ya janyo murya zuwa sautin kiɗa mafi kusa da ita.

Duk wanda ya durƙusa gaban malami da allo ya san abin da aka taɓa a nan. Maddi na asali haraka 2 ne. Gunna haraka 2 ce. Maddi lazimi haraka 6 ne, kuma a ruwayar Warshu da muka gada a ƙasar nan, muttasili da munfasili ma 6 ake ja musu. Waɗannan ma'aunai baki da baki aka karɓo su, malami daga malami, har zuwa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Yaron da bai gama Baƙara ba ya zauna cikin dare ya mai da 6 ta koma 4 saboda ganga ta buƙaci haka. Da gardi ne ya yi wannan a gaban malaminsa, da tuni an tsayar da shi.

Na san amsar da za a ba ni, domin an riga an ba ni ita. Za a ce malamai sun yi saɓani a kan kiɗa. Gaskiya ne, akwai saɓani: mafi yawa sun hana, Ibnu Hazmin ya halatta, kuma an yi rangwame ga tambarin duffu a wajen aure. Amma wannan magana ce a kan kiɗa shi kaɗai. A nuna mini malami ɗaya cikin magabata da ya ce a buga shi a ƙarƙashin ayoyi. Mu da muke karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a zaurukanmu daga Damagaram har Tawa, mun san cewa a babukan ƙarshe ya hana karanta Alƙur'ani da rerawa irin ta waƙa, kuma Imamu Malik kansa ya ƙi karatu da irin wannan rerawa. Wannan fa mutum ne da muryarsa, babu ko kalangu a kusa. Ina ga an kawo fiyano?

Za a kuma ce ai ba kayan kiɗa ba ne, muryar mutum ce aka yi gunji da ita. Yaron nan ya nuna mini wannan dabarar ma. Ana ɗaukar "mmm" guda ɗaya, na'ura ta rarraba shi kan maɓallai, a riƙa danna shi kamar fiyano. Kunne kiɗa yake ji, zuciya kuma kiɗa take bi. Sauya wa giya kwalba ba ya mai da ita kunun zaƙi.

Hujjar da ta fi ba ni tausayi ita ce ta masu cewa da haka ne matasa ke saurare, har su yi kuka. Aya ta 204 ta Suratul A'arafi ta umurce mu da saurare da yin shiru idan ana karatu, shi kuwa mai haɗawa ya cika shirun da sauti da hannunsa. Kukan kuma a bincike shi. Masu fim sun daɗe da sanin sautin da ke saukar da hawaye ko da labarin ƙarya ne. A cire fiyanon, a sake kunna ayar. In idon ya bushe, to, ba ayar ce ta sa shi kuka ba.

Kada wani ya ɗauka ina yaƙi da kwamfuta ko da kyakkyawar murya. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yabi muryar Abu Musal Ash'ari. Da wannan na'urar ake share hayaniyar babura daga tafsirin malamanmu, a daidaita ƙarfin sauti domin tsoho ya ji. Yaran nan suna da basira, kuma kwamitocin masallatai sun bar su ba aiki, alhali kasusuwan wa'azi na shekaru suna ruɓewa cikin kwali. Wanda na zauna da shi ya karɓi guda 12 daga wajen limaminmu zai mayar da su cikin salula.

Wanda yake da irin wancan karatu a salularsa ya goge shi, kada ya tura. Masu kula da wannan zaure za su cire duk wanda aka sako daga yau, kuma za a yi wa mai sakowa bayani a keɓe, ba a gaban jama'a ba.

Wassalamu alaikum.