Ba kalkulas ne ke kayar da ƙannenmu ba

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu da muke koya wa 'yan lebul 100 tutoriyal a nan Kudu.

Duk semesta idan sakamakon lissafi ya fito sai ka ji ana cewa kalkulas ya yi wuya, ko lakcara mugu ne. Ni kam ban yarda ba. A takardun ƙannenmu da nake dubawa, yaro zai bi matakin kalkulas daidai, sai ya zo layin ƙarshe ya ɓata komai wajen haɗa abubuwa masu kama da juna. Abin da aka koya tun ƙaramar sakandare fa.

Ga misali: 3x² + 5x + 2x² − 2x + 7. Masu x² a haɗa su, 5x². Masu x su ba da 3x. Ita 7 ba ta da ɗan uwa, a bar ta. Amsa: 5x² + 3x + 7. Shi ke nan.

Amma sai ka ga an rubuta 3x + 2x² = 5x³. Ka ce ya gwada, sai ya sa x = 1, ɓangarorin biyu su ba shi 5, ya ce ai ka gani. Wallahi 1 mayaudariya ce a nan. Sa 2 mana: hagu 6 + 8 = 14, dama kuma 40. Idan x mita ce, x tsawon katanga ne, x² kuma girman fili. Wa ke tara su wuri guda?

Sai matsalar alamar ɗebewa a gaban baka: 5x − (2x − 3). Da yawa za su ce 3x − 3, alhali 3x + 3 ne, don ɗebewar ta shafi duk abin da ke cikin bakan.

Laifinmu ne mu manya. Muna tsallake wannan don kada a ce mun raina su, su kuma suna jin kunyar tambaya a gaban ajin mutum ɗari biyu ko uku, da Turanci. Kiredit ɗin WAEC ba ya nufin yaro ya san dalilin da ya sa 3x + 2x ke zama 5x. Dalilin dai shi ne x sau uku da x sau biyu, x sau biyar ke nan. Wanda ya gane haka ba ya buƙatar hadda.

Masu cewa wannan ƙaramin abu ne, ku tuna Al-Khawarizmi. A Bagadaza, wajen shekara ta 820, ya rubuta littafinsa kan al-jabr da al-muƙabala. Daga al-jabr aka samo kalmar aljebra, al-muƙabala kuwa ita ce rage masu kama da juna a ɓangarorin lissafi biyu. Wato rabin sunan littafin ma wannan aikin ne.

Shawarata: makon farko na kowane tutoriyal a ba wa wannan, a yi bayani da Hausa in ya kama. Awa biyu ba ta kai maimaita kwas ba, balle ƙarin shekara da kuɗin haya a garin da ba naka ba.

Ƙannena, ku tambaya, ba abin kunya ba ne. Allah Ya ba mu sa'a.