Raddi Ga Masu Hana Ajiye Maganin Farfaɗowa A Makarantun Amurka

Ku sani ana jayayya a ƙasar Amurka bisa wani magani, sunansa nalokson, wanda ake fesawa a hancin mutumin da ƙwaya ta ɗauke wa numfashi. Ƙwayoyin nan dangin kodin ne da tiramadol, mafi sharrinsu kuwa fentanil, wadda ta ninka hodar hiroyin ƙarfi wajen sau 50. Waɗansu mutane suka ce kada a ajiye maganin a makaranta, wai in yaro ya san akwai mai cetonsa sai ya ƙara sha, wai kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Ni ban karɓi wannan hujja ba.

Ina tambayarsu, wa ya fara? A 1996 kamfanin Purdue Pharma na zuriyar Sackler ya fito da OxyContin, ya aiki dillalansa wurin likitoci suna cewa ba ta cika kama mutum ba, alhali ƙarya ce. A 2007 ya amsa laifinsa gaban alƙali, aka ci shi tarar wajen dala miliyan 600, a 2020 kuma ya sake amsawa. Da hukuma ta tsananta, da yawa cikin waɗanda suka riga suka kamu suka koma hiroyin, sa'an nan fentanil. A 2022 fiye da mutum 100,000 ƙwaya ta kashe a Amurka. Shin yaran makaranta ne suka haƙa wannan rami?

Yanzu miyagu suna buga ƙwayar jabu mai kama da ta asibiti, su cusa mata fentanil, guda ɗaya ta isa kisa. A Satumba 2022 aka tsinci wata yarinya 'yar shekara 15 ta mutu a makewayin makarantarsu a Los Angeles. Bayan haka ne hukumar makarantun birnin ta ce a ajiye nalokson a kowace makaranta. Kaito, sai da aka yi gawa.

Ban ce yaro ba shi da laifi ba. Yana da shi, iyaye ma suna da rabonsu. Amma ku bari ya yi numfashi tukuna, sa'an nan ku yi masa horo yadda kuke so. Ban taɓa jin wanda ya cinna wa ɗakinsa wuta don ya ga tulun ruwa a ƙofa ba. Nalokson ba ya sa maye, ba ya cutar da wanda bai sha ƙwaya ba, tun 2023 kuma ana sayensa a Amurka ba da takardar likita ba. Cikin minti 2 ko 3 yake mayar da numfashi, motar asibiti kuwa ba lalle ta iso kafin ƙwaƙwalwa ta lalace ba.

Sai dai a koya wa malamai cewa ƙarfinsa yakan ƙare tsakanin minti 30 da 90, ƙwayar kuwa tana nan cikin jini, saboda haka ko yaron ya tashi zaune, lalle a kai shi asibiti.