Rufe Ƙofarka Kafin Ka Tashi

'Yan'uwana ɗalibai, ga wata shawara da wuya ta koya mini.

A zangon karatun da ya wuce na shiga wani shagon intanet don buga aikin da malam ya ba mu. Na buɗe WhatsApp ɗina a kwamfutarsu, na sauke aikin, na biya, na tafi. Ashe rufe shafi daban, fita daban. Duk wanda ya zauna bayana, hirarrakina ne ke tarbarsa. Bayan kwana biyu wani ya aika wa mahaifiyata saƙo da sunana, wai ina asibiti, ta turo kuɗi. Allah ya sa ta fara kirana. Sakacina ne ya jawo.

Matsalar tsohuwa ce. Kafin a rufe Yahoo Messenger a 2018, in ka bar shi ya riƙe kalmar sirrinka, da an kunna kwamfuta sai ya shiga da kansa.

A ganina sauƙin bai kai haɗarin ba. Kada ka bar manhajar hira ta riƙa shiga da kanta, musamman a kwamfutar da ba taka ba. Yau ɗin nan duba "Linked devices" a wayarka, ka cire duk na'urar da ba ka sani ba.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.