Laburaren Likitanci Ba Wurin Tsimi Ba Ne

Duk sanda jami'a ta tashi tsuke bakin aljihu, laburaren kimiyyar lafiya ake fara yi wa aski, wai ai komai yana intanet. Wannan hujja ba ta riƙe ruwa.

Gaskiya ne PubMed kyauta ne tun 1997, kuma a 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da Hinari domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu mujallun likitanci kyauta ko da rahusa. Amma galibi taƙaitaccen bayani PubMed yake bayarwa, Hinari kuwa sai cibiya ta yi rajista. Wa zai yi rajistar, ya kuma koya wa ɗalibi tantance sahihin bincike daga na bogi, in ba ma'aikacin laburare ba?

A 2005 Najeriya ta ajiye kulorokwin, ta koma haɗin magungunan atemisinin wajen maganin zazzaɓin cizon sauro. Ɗalibin da aka bari da bugun 1995 tsohon magani zai haddace, kuma a jikin yaro marar lafiya kuskuren zai bayyana. Hukumomin jami'a su nemi wani wurin tsimin.