Kujerar Zamani da Hannun Kafinta

Akwai masu ganin cewa kujerar zamani ta zo ne don ta binne sana'ar kafinta. Hujjarsu ita ce kujerar Wassily, wadda Marcel Breuer ya ƙera a makarantar Bauhaus ta Jamus a 1925, da bututun ƙarfe irin na keke maimakon katako.

Sai dai masu wannan ra'ayi ba su waiwayi ƙasar Denmak ba. A can, Hans Wegner sai da ya koyi kafinta tun yana yaro kafin ya soma zana kujeru. Kujerarsa ta Wishbone, wadda kamfanin Carl Hansen ya fara ƙerawa a 1950, da hannu ake saƙa mazauninta, da igiyar takarda mai tsawon kimanin mita 120. Siffarta sabuwa ce, amma gwanintar da ta fito da ita ta gado ce.

Ashe ke nan ba sabon salo ke kashe sana'a ba. Abin da ke kashe ta shi ne gwani ya tsufa babu yaro a gindinsa. Domin kuwa zane komai kyansa, in babu hannun da ya san halin katako, a takarda zai ƙare.