Gaiwa, minjirya da ayu: abin al'ajabin da ke ƙofar gidanmu

A 'yan shekarun nan hotunan halittun teku sun cika wayoyin matasanmu. Akwai kifin da ke zaune can ƙarƙashin teku inda hasken rana ba ya kaiwa, wanda macensa ke rataya wata 'yar fitila a gaban bakinta, ƙananan kifaye su taho kallon haske ta haɗiye su. Akwai halittar nan mai hannaye takwas da zuciya uku, wadda ke sauya launin jikinta ta saje da dutse, idan kuma aka matsa mata ta fesa baƙin ruwa ta ɓace. Duk wanda ya ga waɗannan dole ya yi tasbihi ga Mahalicci. Abin da ke damuna shi ne, yaron da ya san su ciki da bai, sau da yawa bai san cewa kogin Kwara da ya ratsa ƙasar Bagudo yana ɗauke da halittun da ba su gaza su ban mamaki ba. Kuma yayin da muke ta kallon na nesa, na gida suna ƙarewa a hannunmu.

Kogin Kwara, wanda aka fi sani da Neja, ya taso ne daga tsaunukan Gini, ya yi tafiyar kimanin kilomita 4,200 kafin ya faɗa tekun Atalantika. Ya ratsa Mali da Nijar, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Benin, ya wuce tsakanin Gaya da Malanbil, sannan ya shigo Nijeriya ta wannan kusurwa ta Jihar Kebbi, ya bi ta wajen Lolo da ƙasar Illo. A wannan yanki kogin yana cika sau biyu: cikar damina mai ruwan laka daga ruwan saman da aka yi kusa, da kuma wata cikar ta lokacin sanyi, wadda ruwan Gini ne da ya daɗe yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso. Wannan cika da janyewa su suka tsara rayuwar duk abin da ke cikin ruwan, kowace halitta da dabarar da Allah ya ba ta.

Mu fara da gaiwa. Gaiwa kifi ce mai huhu, tana shaƙar iska kamar ni da kai, har ma idan aka hana ta leƙowa saman ruwa sai ta mutu. Idan rani ya yi, tafki ya fara ƙafewa, sai ta nutse cikin taɓo ta naɗe jikinta, ta fitar da wani yauƙi da ke bushewa ya zama mata kamar kwasfa, ta bar 'yar ƙofa ɗaya da take numfashi ta ciki. Haka za ta kwanta wata da watanni ƙarƙashin busasshiyar ƙasa, har shanu su riƙa wucewa ta kanta. Magabatanmu sun ce gaiwa jikinta take ci, kuma binciken masana ya nuna suna da gaskiya: da naman jikinta take rayuwa a wannan kwanciya, tana sarrafa shi kaɗan-kaɗan har ruwan farko ya jiƙa ƙasa ta farka.

Sai minjirya, wadda kowane ɗan su ya san gaisuwarta. Jikinta sulɓi ne, ba ta da sauri, idanunta ƙanana, amma a ƙarƙashin fatarta akwai wani sashe da ya lulluɓe kusan dukkan jikin, mai samar da wutar lantarki da kan haura bolt 300 a babbar minjirya. Da dare take farauta. Takan matso kusa da ƙananan kifaye ta sake musu wuta, su sandare, ta bi su tana tsinta. Da wutar kuma take korar duk mai son cin ta. Mutanen Masar na dā sun zana ta a bangon kaburburansu, Larabawa kuma suka sa mata suna ra'ad, wato tsawa, tun ɗaruruwan shekaru kafin ɗan Adam ya san yadda ake ja wuta a waya.

Na yauni, wanda wasu ke kira ɗan sarki, ya fi wannan zurfi. Shi wutarsa ba ta kisa ba ce, rauni gare ta ƙwarai, amma ba ya daina sakin ta dare da rana. Wutar takan kewaye jikinsa, duk abin da ya gitta cikinta, kifi ne ko dutse ko saiwa, sai ya ji shi a fatarsa. Da haka yake farauta cikin ruwan laka inda ido ba ya aiki, shi ya sa yake riƙe jikinsa miƙe sambal yana kaɗa dogon fiffiken bayansa kawai, kuma yana iya yin baya da baya kamar yadda yake yin gaba. Wani masani a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Hans Lissmann, shi ya fara bayyana wannan wuta a 1951, kuma a kan irin wannan kifi namu ne duniyar kimiyya ta fara gane cewa akwai dabbobin da ke gane hanya da lantarki. Kifin da muke yankawa a kasuwa ba tare da mun dube shi sau biyu ba, sunansa na cikin littattafan manyan jami'o'i.

Ga kuma talibambam, wanda idan ya ji tsoro yake haɗiyar ruwa ya kumbura kamar ƙwallo har ya fi ƙarfin bakin maƙiyinsa. Haƙoransa huɗu ne da suka haɗe kamar bakin aku, da su yake fasa katantanwa. Yawancin danginsa a teku suke, ciki har da wanda Japanawa ke ci bayan ƙwararren mai dafuwa ya cire dafinsa. Ga kurungu mai ƙayoyin da ke kullewa su tokare maƙogwaron duk wanda ya haɗiye shi, wanda wani nau'insa ke iyo a rigingine yana kiwo a fuskar ruwa. Ga tsage mai haƙora kamar ƙusa, wanda a 2014 masana suka ba da rahoton cewa sun ga irinsa a wata madatsar ruwa ta Afirka ta Kudu yana tsalle yana cafke tsuntsu a sama. Ga karfasa da macenta ke goyon ƙwai da 'ya'ya a cikin baki, ta haƙura da abinci har su yi ƙwari.

Babba a cikinsu shi ne ayu. Ayu dabba ce mai shayarwa, danginta suna gaɓar teku, ita kuma ta biyo kogi har can cikin Mali. Ba ta farautar kowa, ciyawar ruwa irin su burugu take ci, kuma kariyarta ita ce ɓuya da shiru. Takan ɗauki ciki kimanin shekara guda ta haifi ɗa ɗaya tak, ta daɗe tana renonsa kafin ta sake haihuwa. Dabbar da ke hayayyafa a hankali haka, idan aka kashe uwa ɗaya an yi asarar shekaru. Amma saboda namanta, da kuma abin da ake faɗa game da man ayu, har yau mashi na bin ta. A 2013 yarjejeniyar duniya kan cinikin namun dajin da ke fuskantar ƙarewa ta saka ayun Afirka a sahun farko, wato an haramta fataucinsa tsakanin ƙasashe.

Idan mai karatu ya lura, kowace dabara da na lissafa amsa ce ga wata barazana da ke cikin kogin tun fil azal: fari, duhu, yunwa, ko bakin babban kifi. Babu ɗaya daga cikinsu da aka tanada domin guba. Idan mutum ya zuba maganin ƙwari irin su gamalin a tafki, wutar minjirya ba ta tsinana mata komai, kumburin talibambam ba ya cetonsa. Babba da ƙarami, da ƙwai da kwaɗi, duk su taso. Kifin nan kuma shi za a banda a kai kasuwa, shanu su sha ruwan, yara su yi wanka a ciki. Haka nan taru mai ƙananan idanu, da gidan sauron da aka raba domin kare yara daga zazzaɓi amma ya koma koma, suna kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai tsawon yatsa ba. Yauni kan gina sheƙarsa da ciyawa a fadama lokacin cikar ruwa, ya tsaya gadi, masu su kuma sun san cewa a nan ya fi sauƙin kamuwa. Wanda ya kama uba a bakin sheƙa ya ci na bana, ya ci na baɗi.

Fadamar kanta tana matsewa. Noman shinkafa ya bunƙasa a Kebbi, kuma alheri ne babba, amma idan aka nome kowane tafki har bakinsa, aka fesa masa maganin ciyawa, gaiwa ba ta da inda za ta kwanta, kifi ba shi da inda zai yi ƙwai. A ƙasanmu akwai madatsar Kainji tun 1968, a samanmu kuma Nijar na gina ta Kandaji. Duk abin da ya taɓa lokacin cikar ruwa da yawanta, ya taɓa hayayyafar kifi a Bagudo.

Doka dai akwai ta. Dokar kamun kifin ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana su da guba da nakiya da lantarki. Kafin ita ma akwai ta gargajiya: Sarkin Ruwa ke rufe tafki, shi ke buɗe shi, babu mai jefa homa sai ranar su ta zo. Wannan tsari ne ya sa Matan Fada ke da kifin da za a nuna wa duniya a bikin Argungu. Sai dai kifi bai san iyaka ba. Wanda aka ƙyale a Lolo ana iya kama shi a Malanbil kafin azahar, kuma masuncin da ya ga na tsallake na shara da gidan sauro ba zai daɗe yana haƙuri ba. Hukumar Kogin Neja mai hedikwata a Yamai, wadda ta haɗa ƙasashe tara tun 1980, tana nan, amma aikin da ya fi gaggawa ya fi kusa da haka.

Shawarata ita ce sarakunan ruwa na Bagudo da takwarorinsu na Gaya da Malanbil, waɗanda harshe da auratayya suka riga suka haɗa su, su zauna su tsayar da lokaci ɗaya na hutun su a farkon cikar damina, da girman idon taru ɗaya da kowa zai bi. Gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma su mara musu baya da jami'ai da hukunci, su kuma tallafa wa masunta da abin yi a watannin hutun, domin yunwa ba ta jin doka. A keɓe wasu tafkuna da ba za a noma bakinsu ba. Malamanmu su faɗa a kan mumbari cewa zuba guba a ruwa ɓarna ce a bayan ƙasa. Cibiyar binciken kifi da ke Sabuwar Busa kuma ta tura mutanenta tungayen Sarkawa su rubuta abin da dattawa suka sani tun suna raye, a shigar da shi darasin makarantun firamare, yaro ya san gaiwa da yauni da sunansu na Hausa kafin ya san na teku.

Gaiwa na iya jiran ruwa wata bakwai cikin busasshen taɓo, amma sai in an bar mata taɓon. Allah ya ba shugabanninmu ikon duba wannan lamari, ya albarkaci kogunanmu. Mu haɗu a mako mai zuwa.