Laifin wa ne idan kwamfuta ta daina ganin waya?

A ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa, intanet kan shiga kwamfutar tafi-da-gidanka ta hanya ɗaya, wato ta wayar salular mai ita. Malamin sakandare da ke shigar da sakamakon ɗalibai, da jami'in ɗakin shan magani da ke tura rahoton wata, da malamin gona da ke rajistar manoma, duk suna jona kwamfuta da waya ne su sha daga datar da suka saya da kuɗin aljihunsu. Wasu kan zaɓi jonawa ta Bluetooth duk da saiɓinta, domin ta fi Wi-Fi tattalin batir, kuma a garin da sai an biya mai caji kafin waya ta cika, wannan lissafi ne mai ma'ana. Sai wata safiya Windows ta sabunta kanta, alamar Bluetooth ta ɓace, ko kwamfuta ta ga wayar amma ta ƙi ɗaukar intanet. Tambayar farko da ake yi wa mai kwamfutar ita ce: "Me ka taɓa?" Wannan tambaya zalunci ce, kuma ya kamata masu ilimi su daina yin ta.

Abin da ke faruwa a ciki ba asiri ba ne. Kowane sashe na kwamfuta yana da ƙaramar manhaja da ke yi masa tafinta da Windows, ana ce mata direba. Idan aka yi babbar sabuntawa, Windows kan maye gurbin direban da kamfanin kwamfutar ya sa da nata na gama-gari, ko ta bar tsohon ya zauna alhali bai dace da sabon tsari ba. Wani lokaci makullin sirri da waya da kwamfuta suka yi musaya ranar da aka fara haɗa su shi ke rikicewa, kowacce ta daina amincewa da 'yar'uwarta. Kamfanin Microsoft da kansa ya sha tabbatar da irin wannan. A 2019 ya dakatar da tura sabuntawar watan Mayu ga kwamfutoci masu wasu direbobin Bluetooth na Realtek da Qualcomm, saboda sukan kasa ganin na'urori. A Oktoba 2018 ya janye wata sabuntawa ɗungurungum bayan ta goge wa wasu mutane fayilolinsu. Mutumin Kunchi bai taɓa komai ba; an taɓa masa ne daga wata nahiya.

Babban aibin yana cikin shawarar da ake ba shi bayan ɓarnar: ya hau intanet ya sauke sabon direba. An tsinke igiyar guga, sannan an ce a jawo sabuwa daga cikin rijiya. Wanda ya tsara wannan hanya yana zaune ne inda intanet ke shigowa gida ta kebul, ba a ƙirga masa abin da ya sha, wuta kuma ba ta ɗaukewa. A karkarar arewacin Kano kowane gigabait kuɗi ne, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025. Babbar sabuntawa kan ci gigabait da yawa a zama ɗaya, kuma idan aka jona waya da igiya, Windows kan ɗauke ta tamkar layin ofis marar iyaka, ta sake jiki ta sha. Ga kuma wuta: sabuntawar da batir ya mutu tana tsaka da aiki tana iya barin kwamfuta ba ta tashi sam.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10, wadda ta fito a 2015. Windows 11 kuwa tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na 8 zuwa sama, ko makamanciyarta. Kwamfutoci da yawa da ake sayarwa na hannu a Titin Beirut da Farm Centre a Kano sun girmi wannan sharaɗi, ko da yake lafiyarsu ƙalau. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasin cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 a duniya za su iya komawa bola a dalilin haka. Masu gyara sukan tsallake sharaɗin su cusa Windows 11 da ƙarfi, kuma a nan ne rikicin direbobi ya fi yawa, tunda kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya daɗe da daina rubuta mata sabon direba.

Akwai masu cewa sabuntawa dole ce saboda tsaro, kuma suna da hujja. A Mayu 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta durƙusar da asibitoci a Ingila ta wata kafa da an riga an fitar da facinta tun watan Maris, mutane ne ba su sa ba. Kwamfutar da ke ɗauke da bayanan marasa lafiya ko sakamakon jarrabawa ba abin wasa ba ce. To amma wannan hujja tana ƙara wa kamfani nauyi ne. Idan faci ya zama tilas, wajibi ne a raba shi da kwalliyar da ba wanda ya roƙa, a rage masa girma, a kuma tabbatar bai kashe hanyar da mutum ke shiga intanet ba. Mutumin da sabuntawa ta taɓa raba shi da aikin mako guda zai rufe ta har abada, kuma tsaron da ake kariya da shi shi ne zai fara lalacewa.

An kuma ga cewa kamfani yana jin magana idan aka matsa. Tsarin ƙarin shekara guda na facin tsaron Windows 10, zuwa 13 ga Oktoba 2026, an sa masa dala 30, wato sama da rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ko kuma mutum ya yarda ya ɗora saitunansa a rumbun kamfanin. Da ƙungiyar masu sayayya ta Euroconsumers ta tsaya kai da fata, sai aka sassauta wa mazauna yankin tattalin arzikin Turai, aka ba su kyauta ba tare da wancan sharaɗi ba. Nijeriya tana da hukumar FCCPC, wadda ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a Yuli 2024, tana da NITDA. Hurumin neman irin wannan sassauci yana hannunsu.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ma'aikatar da ta wajabta tura rahoto ta intanet ba tare da ba da data ko mai kula da na'urori a matakin ƙaramar hukuma ba, ta sauke kuɗin aikinta a kan albashin ƙaramin ma'aikaci. Mai gyaran da maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta, wato ya goge komai ya sake zuba Windows, yana ƙona rumbu ne don ya kori gara. Mutum ya biya kuɗin mota daga Makoɗa zuwa birni, ya biya gyara, ya dawo babu takardun shekara uku, alhali matsalar ta minti goma ce.

Kafin a kai ga haka, akwai matakan da suka kamata kowane ofishi ya manna a bango. A goge haɗin Bluetooth a waya da kwamfuta duka, a sake haɗa su, a tabbatar an kunna raba intanet ta Bluetooth a wayar. Idan bai yi ba, a jona da igiyar USB mai ɗaukar data, domin wasu igiyoyin caji kawai suke yi. A shiga Device Manager a mayar da direban Bluetooth na baya. Idan abin ya faskara, Windows tana ba da kwana 10 bayan babbar sabuntawa da za a iya komawa tsohuwar, muddin ba a goge jakar Windows.old ba. A sanya layin waya a matsayin mai awo, a dakatar da sabuntawa, wadda ake iya tsayarwa har mako 5, zuwa ranar da za a je inda akwai wuta tsayayya. A ajiye direbobin Wi-Fi da Bluetooth da kwafin takardu a filashi tun ana lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Tsohuwar kwamfutar da aikinta rubutu da lissafi da burauza ne kuma tana iya komawa Linux Mint kyauta, ta ci gaba da samun facin tsaro.

Waɗannan dabaru na kare kai ne, ba su wanke kowa ba. Shugabannin sassa a ma'aikatun ilimi da lafiya da gona su ne ke rubuta ƙa'idar tura rahoto, su ne kuma ke sa hannu a takardar tuhuma idan ya makara. Kafin su tuhumi ma'aikacin Tsanyawa, su sa kuɗin data da mai gyara a kasafin shekara, su kuma karɓi rahoto a takarda ko a filashi duk ranar da na'ura ta ƙi.